Waɗanda Ake Tafiya a Bari

Litinin, 2 ga Satumba

Yau na zauna a kan kujerar. Ni, shugabar sashen firamare! Tunda aka kafa makarantar nan ba a taɓa ba ɗan gida wannan kujera ba. Sai dai a ɗauko wani daga ƙetare, ya zo da akwatinsa da hular rana, ya yi ta tambayar ina ne ɗakin karatu, kafin ya gane hanya wa'adinsa ya cika ya ƙara gaba. Ni kuwa shekara goma sha wani abu ina nan, na ga zuwan kowa na ga tafiyar kowa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ofishin ɗan ƙarami ne, fankar tana ƙugi, amma tagar tana kallon filin wasa. Wanda ya tashi ya bar min busasshen fure da tsagaggen kofi. Na watsar da su duka.

Darakta ya leƙo ya yi min murna. A bayan idonsa Mai Agogo muke ce masa, don ba ya ƙarasa magana bai kalli tsintsiyar hannunsa ba. Ya ce me zan fara da shi? Na ce 'yan rakiya. Ni na ƙirƙiro abin tun ina malamar aji: yaran nan 'ya'yan ma'aikatan jakadanci ne da na kamfanoni da na ƙungiyoyin agaji, yau an kawo su gobe an kwashe su. To duk sabon yaro sai a haɗa shi da wanda ya daɗe, ya nuna masa bayi, ya zauna kusa da shi, ya ci abinci da shi har ya saba. Bana kowane aji zai yi, ba nawa da na waɗanda suka ga dama kaɗai ba.

A gida Baban Auta ya tare ni a ƙofa yana sara min, wai ranki ya daɗe Shugaba. Na ce ya yi a hankali, yanzu ina da ikon kora.

Alhamis, 5 ga Satumba

Taron shugabanni na farko. Uwar Rajista, mai karɓar sababbin ɗalibai, tana ta yi min kallon ƙasan ido, ita ma ta nemi kujerar. Sai dai ta kalla.

Talata, 10 ga Satumba

Yarinyar nan ta kunyata ni yau. 'Yar cikina!

A taron safe na ƙaddamar da 'yan rakiya. Yara a zaune layi-layi, malamai a jikin bango, Mai Agogo a gefena, har da wasu iyaye. Ina kiran sabon yaro ina kiran ɗan rakiyarsa, su fito su riƙe hannu a tafa musu. Komai lafiya lau. Na ajiye Auta a ƙarshe don ita ce gwanata, tun tana aji ɗaya take wannan aiki, yanzu tana aji biyar, ba wanda ya kai ta. Na kira sabuwar yarinyar ajinsu, wata siririya mai tabarau, ta fito. Na kira Auta.

Ko motsi ba ta yi ba.

Na sake kira. Ta miƙe daga inda take, ba ta taho ba, ta ce a gaban kowa, "Ba na so." Ta koma ta zauna ta naɗe ƙafa.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Uwar Rajista ta sunkuyar da kai, na san dariya take ɓoyewa. Malamar ajinsu ce ta cece ni, wata baƙuwa doguwa da muke ce wa Mai Keke don da keke take zuwa aiki. Ta fito da sauri ta kama hannun mai tabarau ta ce yau ita ce 'yar rakiya. Yara suka yi dariya, aka tafa, aka watse.

A mota ni ina kallon hanya, ita tana kallon taga.

Laraba, 11 ga Satumba

Na tsare ta a kicin bayan mun dawo. Na yi faɗa son raina: tarbiyya, baƙo, sunana, idon mutane. Tana tsaye tana murza gefen siket. Da na gaji na ce to faɗa min dalili.

Ta ce, "Umma, duk wadda kika ba ni tafiya take yi."

Na ce to ai haka makarantar take. Ta ce ta sani. Sai ta fara lissafo su, mai kitso biyu, mai tsoron ƙadangare, wadda ta koya mata iyo, wadda suka yi alkawarin za su buɗe asibitin kyanwa tare in sun girma. Wasu ma ni na manta da su. Ta ce, "Sai na saba da ita sai a yanka kek ɗin ban kwana."

Na ce ta daina shirme ta je ta yi aikin gida. Yarinya 'yar shekara goma, me ta sani.

Lahadi, 15 ga Satumba

Mun wuni gidan Yaya. Auta ta shige cikin 'ya'yan Yaya da ƙawayensu na unguwa, ina jin ƙyalƙyalar dariyarta daga tsakar gida, rabon da in ji ta haka na manta. A hanyar dawowa ta ce wa ubanta, ba ni ba, tana so a mai da ita makarantar su 'ya'yan Yaya. Wai su tun daga aji ɗaya ajinsu bai canza ba, mutum ɗaya ne ya taɓa tafiya, shi ma ya dawo.

Makarantar unguwa! Yara cunkus a aji, ba wurin iyo, ɗakin karatunsu bai kai ofishina ba. Na ce ba za ta saɓu ba.

Baban Auta bai yi musu ba, shi dama ba ya musu, nan ne matsalarsa. Ya bari muka shiga ɗaki ya ce, "Shugaba, an ba ki zangon nan. In aka yi hutun ƙarshen shekara tana nan a kan bakanta, zan mai da ita." Na ce a ce 'yar shugabar sashe ta gudu daga sashen uwarta? Me zan ce wa iyayen da nake roƙo su kawo nasu? Ya ce shi ba iyayen mutane ya haifa ba, Auta ya haifa.

To shi ke nan. Daga nan zuwa Disamba. Ban taɓa shiga yaƙi na faɗi ba, ba kuma zan fara a kan 'yar da na goya ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na saya mata sabuwar jaka mai taya. Ta ce ta gode, ta jingine ta a bayan ƙofa.

Juma'a, 27 ga Satumba

An yi ban kwana da wani yaro a aji uku, an ɗauke ubansa zuwa wata ƙasa. Mun iya ban kwana a makarantar nan, wannan kam ba a fin mu. Farar riga kowa ya sa hannu da alƙalamin maka, kek, hoto, waƙa, uwar tana share hawaye tana yaba mu.

Aiki ya riƙe ni bayan an tashi, sai na bi ta gaban ajin. Masu shara sun fito da teburinsa, an ɓamɓare sunansa daga ƙugiyar rataye jaka, an matso da sauran tebura an toshe gurbin. Na san dokar, tsohuwa ce, Mai Agogo ma tarar da ita ya yi: kafin Litinin kada a bar alamar wanda ya tafi, don kada yara su yi ta tuni. Shekara nawa ina ganin ana yi. Yau dai na tsaya na kalla.

Litinin, 30 ga Satumba

Da gangan na bi ta aji uku da safe. Abokin yaron, ɗan direban motar makaranta, wanda ni da kaina na naɗa shi ɗan rakiyarsa bara, yana tsaye a gaban ƙugiyoyi da jakarsa a hannu. Yana bin sunaye da yatsa, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Malamin ya ce kowa ya zauna a buɗe littafin lissafi. Ya je ya zauna.

Ruwa ba ya tsami banza.

Laraba, 2 ga Oktoba

Mai Keke ta shigo ofis da hular kekenta a hannu, ta ce ko zan ba ta minti kaɗan a bakin taga. An fita hutu. Ta nuna min Auta a gindin bangon ɗakin karatu, ita kaɗai da kwanon abincinta. Na ce na san 'yata, ba sai an nuna min ba. Ta ce ba ita kaɗai take nufi ba. Ta nuna ɗan malamin kimiyya a ƙarƙashin bene, 'yar nas a kan lilo ba ta lilawa, tagwayen mai ɗakin karatu da ba sa kula kowa sai junansu. Duk 'ya'yan ma'aikata, duk 'yan rakiya na gaban goshi.

Raina ya ɓaci, ban san dalili ba. Na ce mata ita da ta zo bara za ta tafi baɗi, ita za ta koya min yaran makarantar nan? Ta yi ja har kunne. Ta ce gaskiya ne za ta tafi, shi ya sa take faɗa min ni da zan zauna.

Maganar ta shige ni. Allah ya sa ta fita kafin ta gane.

Talata, 8 ga Oktoba

Na tara tsofaffin yaran a ofis, ban da Auta, don na san in tana nan ba mai magana. Na ajiye biskit a tsakiya na ce ba laifi suka yi ba. Da farko sai taunawa. Can 'yar nas ta ce ita yanzu in an kawo sabuwa, abin da take fara tambaya shi ne aikin me babanki yake yi, don ta san ko za ta daɗe. Ɗan malamin kimiyya ya ce shi ya sa hannu a riguna sun fi a ƙirga, shi ba wanda ya taɓa sa masa. Ɗaya daga cikin tagwayen ta ce, "Malama, masu tafiya ake yi wa kek. Mu sai mu kwashe faranti."

Na yi dariya don kada in yi wani abu daban.

Mai zuwa muna da tsarinsa, mai tafiya muna da bikinsa. Mai zama kuwa ko a takarda ba shi da suna. Kuma mu muke ɗaukar mai zaman mu manna shi a jikin mai tafiya, don shi ya san hanyar bayi. Ba na cewa tsarina ba shi da kyau. Gyara yake so, kuma ba mai gyara shi sai mai shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kai wa taron shugabanni abu uku. Na ɗaya, a daina ɗora rakiya a kan tsofaffin yara. Wanda ya zo zangon da ya wuce shi zai raka na yau, shi ne bai manta zafin baƙunta ba, kuma sai in ya yarda. Na biyu, in yaro ya tafi a bar teburinsa da sunansa mako guda. Na uku, ranar Litinin ta farko bayan tafiyarsa a ba ajin darasi ɗaya su zauna su yi hirarsa, su kira shi ta bidiyo in ya samu.

Na ɗaya ya wuce salin-alin. Na biyu da na uku kuwa sai ka ce na ce a rushe makarantar. Uwar Rajista ta ce ita ke zagayawa da iyaye masu neman gurbi, ta nuna musu tebur ba kowa kamar gidan makoki? Mai Agogo ya kalli agogo ya ce makarantarmu ta farin ciki ce, yara suna da saurin mantuwa, kada mu tono musu. Na ce ranka ya daɗe, wa ya gaya maka sun manta? Ya ce a ajiye maganar zuwa wani lokaci.

Na san wannan wani lokacin, ba ya zuwa. An ka da ni a zagayen farko, amma ba a tashi wasan ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Auta ta tambayi ubanta wane launi ne kayan makarantar su 'ya'yan Yaya. A gabana. Ina yanka albasa na ci gaba da yankawa.

Laraba, 23 ga Oktoba

In ƙofa ta ƙi buɗuwa akwai taga. Iyaye mata suna shan shayin safe a zauren makaranta duk Laraba, shugabannin da suka gabace ni leƙawa kawai suke yi su ɗaga hannu. Ni na ja kujera na zauna har shayina ya huce. Ban kai ƙarar kowa ba. Tambaya ɗaya na jefa: da kuka bar makarantar baya, yaranku sun ƙara jin ɗuriyar ajinsu?

Kai! Kamar na buɗe famfo. Kowacce da Turancinta, wata da hannu ma take ƙarasawa. Wata mai jan gashi, matar wani injiniya, ta ce wannan ce makaranta ta huɗu da ɗanta ya shiga, riguna uku ke cikin akwatinsa, bai taɓa yarda an wanke su ba. Ya taɓa tambayarta ko akwai wanda ya lura ba ya nan. Ta ce ba ta san me za ta ce masa ba.

Ashe su can suna jin an shafe su, namu nan suna jin an yar da su, mu kuma muna tsakiya muna jan tebura. Na ce musu akwai babban taron iyaye da malamai wata mai kamawa, kowa yana da bakin magana. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Hannunka mai sanda.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na ba Mai Keke haƙuri. To, ba haƙuri kai tsaye ba. Na ce tayar kekenta ta baya ta yi sanyi, in tana so direba ya duba mata. Ta gane. Mun sha shayi tare, ashe tana da ban dariya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Alhamdulillahi! Yau na ci, ci kuwa na gaske!

Zauren ya cika maƙil. Mai Agogo ya yi jawabinsa na sakamakon jarrabawa da sabon filin ƙwallo, ya ce akwai tambaya, yana tattara takardunsa. Mai jan gashi ta miƙe. Ba ta yi ihu ba, ta ba da labarin rigunan nan uku, ta ce in suka tashi daga nan tana roƙon a bar teburin ɗanta ko na kwana biyu ne. Kafin ta zauna wani uba ya miƙe, bayansa wata, bayanta wani. Sai ga nas ɗinmu, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta tashi ta ce ita 'yarta ba ta zuwa ko'ina, amma ta gaji da yi mata bayanin inda ƙawayenta suka shiga. Iyayen ƙetare suka juyo suna kallonta kamar yau suka fara sanin ma'aikata ma suna da 'ya'ya a ajin.

Mai Agogo ya juyo gare ni, ya ce ko shugabar firamare tana da abin cewa? Ina da shi mana, tun wata guda yake cikin jakata. Na miƙe na zayyana. Ban kalli Uwar Rajista ba, ban ce na faɗa muku ba, na yi dattako har ni kaina na yi mamaki. Aka tafa. Ya ce za a gwada daga wannan zangon. Kuma wallahi tunda na miƙe har na zauna bai kalli agogon nan ba.

A mota na ƙure rediyo ina bin waƙar da ban sani ba. Baban Auta ya ce in rage, makwabta za su ce an yi mana haihuwa.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Zaman Litinin na farko, a aji biyu. Wata yarinya ta tafi ran Juma'a, teburinta na nan da sunanta. Na tsaya daga ƙofa. Yara sun zauna a ƙasa sun yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Wani ya ce ta taɓa cinye masa ayaba. Aka yi dariya, ƙawarta ta yi kuka, wata ta rungume ta. Aka kira yarinyar ta bidiyo, tana cikin kwalaye a sabon gidansu, da ta ga teburinta sai ta yi tsalle tana kiran uwarta ta zo ta gani. Bayan nan suka buɗe littafi suka yi karatu lafiya ƙalau. Ina makokin?

Uwar Rajista ta biyo da wasu iyaye masu neman gurbi, suka tambayi teburin, ta yi musu bayani tiryan-tiryan kamar ita ta ƙirƙiro. Na ƙyale ta. Girma ya zo.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Daga tagata na hango Auta da mai tabarau a gindin bangon ɗakin karatu, kai a haɗe a kan littafi ɗaya. Ba wanda ya haɗa su, ba wanda ya tafa musu. 'Yar nas ma ta zo ta zauna. Na kira Baban Auta a waya na ce ya fara shirin janye maganarsa. Ya ce Disamba dai ba ta yi ba. Mutumin nan!

Juma'a, 6 ga Disamba

Hukumar makaranta ta yaba min a rubuce, sashen sakandare ma sun ce za su ɗauki tsarin. Mai Agogo ya ce in shirya in yi wa shugabannin wasu makarantu bayani baɗi. Ni da aka ce a ajiye maganata zuwa wani lokaci!

Lahadi, 8 ga Disamba

Ina ninke wanki da la'asar Auta ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta ɗauki safa tana haɗa min su biyu-biyu. Ta ce zaman Litinin yana da kyau, kowa yana cewa ummanta ce ta kawo. Na ce to kin gani. Ta ce mai tabarau ma tana da kirki, amma babanta ya gaya musu zuwa tsakiyar baɗi za su tashi.

Sai ta ce, "Umma, in kin ce in zauna zan zauna. Na san in na tafi za a yi miki dariya."

Ba kuka, ba fushi, tana ta haɗa safa. Ga nasara an miƙo min a hannu, ko ubanta ba zai ce komai ba tunda ita ta faɗa da bakinta. Kalma ɗaya ce.

Na ce ke me kike so? Ta ce tana so ta shiga aji ta san waɗannan ne za ta gama da su.

Na ce ta je ta kira min babanta.

Litinin, 9 ga Disamba

Ni na yanke, a rubuta. Ba Baban Auta ba, ba Yaya ba. Ni na shiga ofishin Uwar Rajista da ƙafata na ce a cire sunan 'yata daga zango mai zuwa. Na shirya mata amsa mai zafi in ta yi murmushi. Ba ta yi ba. Ta tashi ta rufe ƙofa ta ce nata ɗan ma ya taɓa roƙonta haka, ta hana shi. Ban san me zan yi da amsar da na shirya ba, na fito da ita.

Juma'a, 13 ga Disamba

An yi wa Auta kek. An ba ta farar riga. Yarinyar da ta sa hannu a rigar kowa tun tana koyon riƙe maka, yau ita ce a tsakiya, ta juya baya ana rubutu a kafaɗarta tana ta dariya don cakulkuli. Tagwaye sun rubuta, ɗan direba ya sato jiki daga aji uku ya rubuta, Mai Keke ta zana mata keke. Mai Agogo da kansa ya sauko ya sa hannu. Ta ƙi cire rigar har muka iso gida, ta shiga gidan makwabta tana nuna musu.

Ban taɓa ganin ban kwana mai daɗin wannan ba, kuma a sashena aka yi shi.

Litinin, 6 ga Janairu

Na sauke ta a ƙofar makarantar unguwa. Kayan sun yi mata yawa kaɗan. 'Ya'yan Yaya suna jiranta, suka ja ta ciki kowa ya riƙe hannu ɗaya, ta waiwayo ta ɗaga min gira don hannuwan ba sarari. Lafiya lau. Haka nake so.

Na makara taron safe, karo na farko tunda na fara aiki. Cunkoso ne a hanya. Mai Keke ta riƙe min.

Aji biyar suna da zaman Litinin yau. Dole shugaba ta riƙa duba yadda tsari ke tafiya, shi ya sa na leƙa. Teburin na nan, sunan na nan a ƙugiya. Na yi niyyar tsayawa daga ƙofa kamar kullum, sai mai tabarau ta matsa ta buɗe min wuri a da'irar, ba daɗi in ƙi. Na tattara zanina na zauna a ƙasa, gwiwoyina suna ƙara.

Kowa ya faɗi nasa. Wai ita ta nuna wa rabin ajin hanyar bayi. Wai tana kwaikwayon tafiyata in na juya baya, wannan sai ta dawo za mu yi ta. Da layi ya zo kaina 'yar nas ta ce, "Malama, ke ma an bar ki. Faɗi naki."

Na ce ni aiki ya kawo ni.

Suka ci gaba da jirana, haka dokar zaman take, ba a tsallake kowa. Ni na rubuta dokar.

Na ce motar ta yi shiru da safe bayan na sauke ta.

Mai tabarau ta dafa min gwiwa. Na zauna har aka kaɗa ƙararrawa.